Ofishin faraligal da ya tsaya mana a shari'ar gudun mota a Brampton ta Kanada, tauraro 4 cikin 5 na ba su

Tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan, saboda mutum uku daban-daban sun tare ni a ƙofar masallaci suna tambaya ta wai wane ofishi muka je lokacin da aka kama motata, nawa muka kashe, kuma ko ya kamata mutum ya biya ko ya shiga kotu da ƙafarsa kawai. To gara in faɗa sau ɗaya in huta. Sunan ofishin ba zan saka ba, don akwai abinda zan yaba akwai kuma abinda zan kushe. Ƙaramin waje ne a saman bene cikin wata filaza, tsakanin shagon aski da mai sayar da kayan miya na Indiyawa, mutum uku ne kacal a ciki, matar da ke da ofishin, wani saurayi mai ɗaukar waya, sai wani dattijo da ake turawa kotu.

Ba ni nake tuƙi ba, wannan in fara da shi. Ƙanin matata ne, ɗalibi, a ɗakin ƙasa na gidanmu yake zaune kuma yana aikin dare a wani sito. Ranar ya makara, bas ta wuce shi, sanyin Nuwamba ya fara cizo, sai na ji tausayinsa na miƙa masa makullin Corolla ta. Sha ɗaya saura na dare waya ta yi ƙara. Yace Yaya 'yan sanda sun tsayar da ni, wai za su tafi da motar. Nace wace motar? Yace taka. Da yake akwai wasa tsakanina da shi sai na ɗauka tsokana ce, har na ce masa to ka bi su ka taya su turawa, sai da na ji muryarsa tana rawa sannan na miƙe zaune.

104 yake yi a inda aka rubuta 60. Titin kuwa irin faffaɗan nan ne na gefen gari mai layi uku kowane hannu, babu gida babu mai tafiya a ƙasa a wannan lokacin, wanda wallahi in ba ka kalli allon ba za ka rantse 80 ne. Amma dai 60 aka rubuta, kuma ya ɗora 44 a kai.

A nan lardin Ontariyo akwai sashe na 172 na dokar hanya, shi ne suke ce wa sitont, wato tsere da wasan ganganci da mota. Da ka ji sunan sai ka zata na yaran nan ne masu jujjuya mota a fakin ɗin kanti da tsakar dare suna tada hayaƙin taya, to har da su, amma gudu zalla ma ya isa ya jefa ka ciki ko kai kaɗai ne a titin ba ka tsere da kowa. In iyakar titin bata kai 80 ba, ka ɗora 40 a kai shikenan ka shiga. In 80 ce ko sama, sai ka ɗora 50. In kuma ka taɓa 150 to ko a wace hanya ce. Abinda ke biyowa baya a nan take ne a bakin titi, ba sai an ga alƙali ba: a karɓe lasisinka na kwana 30, a kira janwe ta ɗauke motar a kulle ta kwana 14, kuma ba ruwansu da ko motar waye, taka ce, ta ubanka ce, ta kamfani ce, ta haya ce, duk ɗaya. Sannan a ba ka sammaci, ba irin tikitin da za ka biya ta intanet ka manta ba, dole a je kotu. Tun 2007 aka kawo dokar, lokacin kwana 7 ne mota kwana 7 lasisi, sai a 2021 gwamnatin lardi ta Doug Ford ta ƙara mata gishiri, aka ninka kwanakin motar, aka kai na lasisin 30, aka kuma sauko da wancan 50 ɗin zuwa 40 a titunan cikin gari. Da a ce a 2019 yaron nan yayi wannan gudun, tikiti kawai za a miƙa masa ya wuce aiki.

Duk wannan ban san shi ba a daren. Abinda na sani a daren shi ne na ɗauki Uber na je na same shi a tsaye a gefen titi da jakar abincinsa a hannu, janwe ta riga ta ɗaga gaban motar, ni kuma da halin gida na nufi ɗan sandan da niyyar ba da haƙuri, ranka ya daɗe yaro ne, motata ce, ni zan tuƙa ta in koma da ita gida. Mutumin bai ɗaga min murya ba, ya saurare ni tsaf, sannan yace ba shi da ikon sakinta ko da yana so, dokar bata bar masa wannan ƙofar ba. Ni da na taso a inda in an kama mota ake fara lissafin wa ya san wa, sai na tsaya da waya a hannu babu wanda zan kira.

Washegari na fara neman lauya, sai wani Alhaji da ya fi shekara ashirin a Kanada yace min ba lauya kake buƙata ba, faraligal za ka nema. Su ba cikakkun lauyoyi bane amma suna da lasisi daga ƙungiyar lauyoyin Ontariyo, an yarje musu su tsaya wa mutum a ƙananan kotuna irin na laifin hanya, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Na kira wurare huɗu. Biyu daga ciki tun kafin in gama bayani sun fara yi min alƙawarin za su goge komai, ɗaya bai ɗauka ba, wannan na huɗun saurayin ya ba mu lokaci ranar Asabar, zaman farko kyauta.

Abinda ya fara burge ni da matar mai ofishin shi ne bata yi mana romon baka ba. Muna zama na fara da maganar motata, tace min kai tsaye in cire rai, babu ɗaukaka ƙara a kan kwana 14 ɗin nan, babu a kan kwana 30 ɗin lasisi, duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai fito maka da mota kafin wa'adi to cin kuɗinka zai yi. Raina bai so ba amma daga baya na gane gaskiya ta faɗa. Sai ta juya kan yaron, tambayar farko da ta yi masa ita ce lasisinka G2 ne, wato na sabon direba, ko cikakken G? Yace G2. Ta rubuta ta ja layi biyu a ƙarƙashi. A lokacin ban ga muhimmancin tambayar ba sai can gaba.

Ta zayyana mana abinda ke gabanmu in alƙali ya same shi da laifin a yadda aka rubuta shi. Tara daga dala 2,000 zuwa 10,000, kuma akwai kashi 25 cikin 100 da ake ɗorawa a kai, wato mafi ƙarancin ma 2,500 kenan. Makin laifi 6 a lasisi. Dakatar da tuƙi daga shekara 1 zuwa 3 a karon farko. Ɗauri har wata 6 yana cikin dokar duk da tace ba kasafai ake kaiwa can ba ga irin nasa. Sai inshora, wadda tace ita ce babbar dukan, don kamfanoni suna kallon shekara uku baya kuma wasu da sun ga wannan laifin ba za su ɗauke ka ba sam, sai dai ka koma wajen masu karɓar direbobin da kowa ya ƙi, da tsadar da sai ka riƙe baki, kuma tunda sunan yaron yana kan inshorar motata to ni ma wutar zata taɓa ni. Abu ɗaya da ya sanyaya mana rai, tace laifin na dokar lardi ne, ba ya shiga rajistar manyan laifuka. Shi abinda ya hana shi barci kenan dama, takardun zamansa. Amma ko a nan ma tace in yana son tabbaci kan maganar shige da fice ya tambayi masu wannan fannin, ita ba aikinta bane. Na ji daɗin wannan, mutum ya san inda iliminsa ya tsaya.

Kuɗinsu dala 1,500. A nan ne ƙorafina na farko. A waya saurayin 1,500 yace, a bakin matar ma 1,500, sai da aka kawo takardar sa hannu na ga an ɗora harajin kashi 13 ya koma 1,695, kuma a can ƙasa da ƙananan rubutu an saka cewa wannan kuɗin na sasantawa da mai gabatar da ƙara ne kawai, in magana ta kai ga cikakkiyar shari'a da kiran ɗan sanda shaida to akwai ƙarin da za a biya. Ba yaudara bace tunda a rubuce yake, amma haba, wannan ai abu ne da ya kamata a faɗa da baki tun farko, musamman ga mutumin da hankalinsa a tashe yake. Sun dai yarda mun biya kashi uku, wannan kam sun kyauta.

Bari in ɗan kauce in yi maganar wajen da aka kulle motar, don shi ma yana cikin lissafi duk da ba ofishin bane. Kwana 14 ina bin bas zuwa aiki, canji biyu, awa ɗaya da kwata a tafiyar da nake yi cikin minti ashirin, madam kuma da kai yara makaranta a ƙafa cikin sanyi tana yi tana harara ta, wai ni na bashi makullin, ƙaninta fa. Ranar da wa'adin ya cika na je can bayan gari, fili ne da waya kewaye da shi da kare yana haushi, ɗan kwantena a matsayin ofis. Kuɗin ja, kuɗin ajiya na kowace rana, da wani kuɗi da ban gane sunansa ba, jimilla 1,340. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Matar ofishinmu ta riga ta gargaɗe ni in nemi rasit mai bayani dalla-dalla, tace tun farkon 2024 lardi ne da kansa ke sa ido kan masu janwe da masu ajiyar mota, dole su mallaki takardar izini kuma su bayyana farashinsu, ta kuma ce kar in ƙara ko kwana ɗaya don mita bata tsayawa. Sai yaron kuma da kwana 30 ɗinsa suka cika ya je ServiceOntario, ofishin gwamnati mai ba da lasisi, ya biya 281 kafin a mayar masa da lasisi. Duka wannan fa alƙali bai ce uffan ba tukuna, kuma ko da za a wanke shi gobe babu wanda zai dawo min da sisi.

Wannan shi ne abinda muka yi ta musu a kai a majalisarmu ta bayan Juma'a a Tim Hortons har kofi ya huce. Alhajin da ya tura ni wajen faraligal shi ɗari bisa ɗari yana bayan dokar, yace ku kun manta yaron nan ɗan shekara 18 da aka kama a 2020 a babbar hanyar QEW yana zuba 308 a Marsandin babansa? Irin wannan tikiti za ka ba shi ya ci gaba da tafiya? Yace mai kuɗi baya jin tara, amma ka raba shi da mota a bakin titi a gaban abokansa to ya ji a jikinsa, kuma ya tuna mana wasan motar da samari ke yi a gida ranar ɗaurin aure da yadda ake kwasar gawa a bar shi a tsautsayi. Wani ɗan uwanmu mai tuƙin babbar mota shi kuma yace a'a Alhaji, wannan hukunci ne kafin shari'a, ɗan sanda ɗaya da na'urarsa ya zama shi ne mai kamu shi ne alƙali, kuma ɗan mai kuɗin da kake magana gidansu akwai mota uku, gobe zai hau wata, wanda ke shan wuya shi ne mai mota ɗaya da ke kai kaya da ita, kwana 14 babu aiki haya kuma na jira.

Na kai wa matar wannan musun a zuwanmu na biyu, tayi dariya tace kun makara, an yi shi a kotu tun tuni. Ta bamu labarin wata dattijuwa mai jikoki, shekararta 62, da aka kama tana 131 a titin 80 lokacin da take ƙoƙarin wuce wata babbar mota, a 2009 wani alƙali yace dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki tunda za a iya ɗaure mutum ba tare da an bar masa hanyar kare kansa ba, sai a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo ta soke wancan hukuncin, tace akwai ƙofa, mutum na iya nuna yayi iya ƙoƙarinsa na kauce wa laifin. Tace amma ƙofar ƙarama ce ƙwarai, na makara aiki baya shiga ta cikinta.

Ni dai inda na tsaya, ban ga laifin ɗauke motar mai tsere ba, wanda ya mayar da titin jama'a filin wasa a kwashe motar, ban damu ba ko wata guda ne. Kuma ba zan ce yaronmu bashi da laifi ba, 104 a titin 60 ganganci ne, in mutum ya fito maka a wannan gudun birki ba zai cece shi ba, na faɗa masa haka a gaban yayarsa. Inda abin ke min ciwo shi ne a zuba shi a kwando ɗaya da mai 308, sunan laifi ɗaya, yawan kwanaki ɗaya, sannan ni da nake kwance a gadona a ce ni zan biya 1,340. Wai doka ta bani dama in bi direban ya biya ni. In kai ƙanin matata kotu kenan, a gidan da muke cin tuwo a kwano ɗaya.

To mu koma kan aikinsu. Wajen wata takwas aka ɗauka, an ɗage zama sau uku, kuma ko sau ɗaya yaron bai taka kotu ba, su suka riƙa tsaya masa, bai rasa aji ba bai rasa aiki ba, wannan kaɗai ya ci wani abu daga cikin kuɗin. Sun nemo takardun shaidar da ɗan sandan ya rubuta, ta zauna da mu ta karanta mana layi-layi, lokacin da ya gwada na'urar kafin fita aiki da bayan ya dawo, inda ya tsaya, layin da motar take. Tace gaskiya mutumin nan ya rubuta aikinsa da kyau, babu ramin da zan shiga, in muka je shari'a zamu iya faɗuwa, shawarata a sasanta. Wani ofishin da sai ya tura mu shari'ar don ya ci ƙarin kuɗin. Ta sa yaron ya yi wani kwas na gyaran tuƙi tun kafin a nema, ya kawo takardar makaranta da ta wajen aiki, ta haɗa ta kai.

Tayin farko da mai gabatar da ƙara ya kawo shi ne a sauke laifin daga sitont zuwa gudun wuce ƙa'ida na kilomita 44 ɗin yadda yake. Ni da na ji haka har nace Alhamdulillahi a karɓa. Tace a'a dakata, a nan ne maganar G2 ta dawo. Wuce ƙa'ida da kilomita 30 zuwa 49 maki 4 ne, kuma mai G2 in aka same shi da laifi mai maki 4 ko sama to sai an sake dakatar da lasisinsa kwana 30, inshora kuma ta gani. Daga 16 zuwa 29 kuwa maki 3 ne, babu dakatarwa. Ta koma ta sake zama da su, wata biyu muna jira, ƙarshe aka tsaya a 29. Tarar bata kai dala 200 ba. Wallahi da ni kaɗai na je da na karɓi na farkon ina godiya har ƙasa, ban san akwai wani rami a gaba ba. Wannan abu ɗayan shi ya sa nace kuɗin sun halatta.

Tauraro ɗayan da na cire, bayan maganar farashi, na rashin kiran waya ne. Tsakanin zama da zama shiru kake ji kamar an shuka dusa. Ka tura saƙo sai bayan kwana huɗu biyar, ka kira saurayin yace tana kotu zata neme ka, ba zata neme ka ba. Akwai ɗagewar da sai da mako ya wuce muka sani, yaron ya kwana biyu baya cin abinci yana zaton an yanke hukunci. Da na yi mata ƙorafi ta ba da haƙuri tace fayil sun mata yawa, na yarda, amma ai saƙon layi ɗaya baya cin minti guda. Sannan wajen hawa benen babu lifta, in kana da dattijo ko mai ciwon ƙafa ka nemi a yi zaman ta waya, suna yi. Fakin kuma kyauta ne a filazar, ga wanda aka bar masa motar da zai faka.

In kana da cikakken G kuma gudun naka tikiti ne na yau da kullum, ban ga dalilin kashe wannan kuɗin ba, je ka nemi ganin mai gabatar da ƙara da kanka. Amma in takardar hannunka sammaci ce mai lamba 172, kar ka tsaya jin shawarar majalisa, tamu ma rabinta ba daidai bace, akwai wanda ya rantse min cewa in ɗan sandan bai zo zaman farko ba an kori ƙarar kenan, alhali zaman farko ba a ma buƙatarsa. Ka tambayi lambar lasisin faraligal ɗin ka duba ta a shafin ƙungiyar lauyoyi, ka tambaya da haraji ko babu, ka tambaya in an je shari'a nawa ne ƙarin, kuma a rubuta maka.

Inshorata ta sabunta a watan da ya wuce, ta ƙaru amma ba irin ƙaruwar da matar ta tsorata mu da ita ba. Yaron yana biyana dala 100 duk wata daga kuɗin janwe, shi ya kawo tsarin da kansa, na faraligal ɗin kuma yayarsa tace ita zata ɗauka kar in sake tada maganar. Jiya da daddare ya leƙo falo yace Yaya bas ɗin goma da rabi ta wuce ni. Na kalli madam, madam ta kalli talabijin. Na saka jaket na kai shi da kaina.